Wane kebul ɗin USB zuwa serial zan saya?

Mai Dish Kurna:
Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Gyaran risiba nake a nan Kurna, tsohuwar kwamfutata mai ramin serial da nake filashin da ita (wato saka wa risiba sabuwar software) ta mutu, laftof ɗin da na samu kuma USB kawai gare ta. Na sayi kebul har biyu irin shuɗin nan mai fil tara, duk wanda na soka sai Device Manager ya nuna alamar ɗorawa ya rubuta Code 10, ga risibar mutane uku a ajiye sun maƙale a boot, mai ɗaya kullum bayan la'asar sai ya leƙo wlh har kunyarsa nake ji.

Baban Ummi:
Wslm malam. Kar ka duba kyan kebul, IC ɗin da ke ciki shi ne magana. Code 10 ɗin nan yawanci PL2303 ne na jabu ko tsohon samfuri, sabon direban (software ɗin da ke sa kwamfuta ta gane kebul) Prolific, kamfanin da ke yin IC ɗin, ba ya karɓarsu tun daga Windows 8. In da hali ka nemi mai FT232 na FTDI ko CP2102, in kuma aljihu ba nauyi CH340 ma yana aiki lafiya, nawa ya fi shekara biyu ina filashin da shi. Shi ma FTDI ana jabunsa sosai fa, a 2014 har direba suka saki da ke kashe na jabun, to in ka ga araha ta yi yawa ka ja baya.

Auwalu Sola:
Ƙari a kan maganar Baban Ummi, serial iri biyu ne, ka tabbatar kebul ɗin RS232 ne ba TTL ba. TTL wutarsa 3.3 ko 5 ce, shi RS232 yana iya kaiwa 12 har sama, ni na taɓa haɗa su kai tsaye a rashin sani allon cikin na'urar ya ƙone a hannuna, da kuɗina na biya mai shi. Sannan risiba da yawa null modem suke so, wanda aka juya fil na 2 da na 3.

Baban Ummi:
Kuma ka tafi da laftof ɗinka Beirut Road ko Sabon Gari ka gwada a gaban mai shago. Ka haɗa fil 2 da 3 da 'yar waya, ka buɗe PuTTY (manhajar da ake tura rubutu ta serial) ka rubuta wani abu, in harafin ya dawo a allo to ka biya.

Mai Dish Kurna:
Allah ya saka da alheri yallaɓai, gobe insha Allah zan shiga kasuwar da laftof ɗin. Auwalu null modem ɗin ana samun haɗaɗɗe ko ni zan yi sodar sa da kaina?