Malamai, wa ya taɓa shigar da wasa cikin darasi? Yaya aka ƙare?

Malamar Aji Huɗu, Katsina
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Duk bitar da aka kai mu sai an ce mu riƙa koyarwa ta hanyar wasa da kwaikwayon abin da ke faruwa a zahiri. Ajina yara sun haura tamanin, darasi kuma minti talatin da biyar ne. Don Allah wanda ya gwada da hannunsa ya ba mu labari, da daɗinsa da wahalarsa.

Malamin Kimiyya, Zariya
Wa'alaikumus salam Malama. Nawa na amai da gudawa ne, kuma ko wutar lantarki ba ya buƙata. Kowane yaro na ba shi kofi da ruwa rabi. Kofi ɗaya tak na zuba wa ruwan kanwa da aka tace a matsayin cutar, ba wanda ya sani. Sai na ce kowa ya nemi aboki, su haɗe ruwansu su sake rabawa, a rubuta sunan wanda aka yi musayar da shi. Aka yi haka zagaye uku. Daga nan na bi su ina ɗiga ruwan zoɓo. Zoɓo ja ne, amma da ya haɗu da kanwa sai ya rikiɗe ya yi kore-kore mai duhu. Kofi takwas suka juya: ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas.

Inda darasin ya yi armashi shi ne da na ce su gano kofin farko daga sunayen da suka rubuta. Aji ya kaure da gardama, kowa na bin sawun wanda ya shafa masa. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai tun kafin ka zuba zoɓon ruwan duk iri ɗaya ne a ido, kenan ruwan rijiya ma zai iya zama garau alhali da cuta a ciki." A kula dai, a hana su kurɓa.

Musen Lakwal, Maraɗi
Mu nan kasuwa muke kafawa a aji. Yaranmu a gida da dala suke lissafi, dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, a littafi kuwa tamma ake rubutawa. Yaron da ke tallar ƙuli-ƙuli ba ya kuskuren canji ko kaɗan, amma ka rubuta masa 20 × 5 a allo sai ya yi tsuru. Na yanka kwali na yi kuɗi, aka jera gwangwanaye da duwatsu a matsayin kaya. Doka ɗaya ce: a yi ciniki da baki yadda aka saba, amma mai shago ya rubuta da tamma. Da yaron ya ga dala ashirin ɗinsa ita ce 100 ɗin da ke allo, sai jadawalin biyar ya zauna masa daram.

Tsohon Hedimasta, Gusau
'Ya'yana, ku yi haƙuri in kawo ɗaya gefen. Na sha leƙa aji in tarar ana ta shewa da tafi, in na tare yaro a bakin ƙofa na tambaye shi me aka koya, sai ya ce "ƙungiyarmu ce ta ci." Musamman gasar tambayoyi da ake ba da maki: masu ƙoƙari biyar ke amsawa, saura 'yan kallo ne. Sannan maƙwabcin ajinka ba ya iya koyarwa saboda hayaniya, ga manhaja na jira, ga jarrabawa tafe. Ni abin da nake gindaya wa malamaina shi ne a ware mintoci goma na ƙarshe, a zauna, a tambayi yara me ya faru kuma me ya sa, su rubuta a littafi. Wanda lokacinsa ba zai kai ga wannan ba, ya bari sai ranar da yake da darasi biyu a jere.

Malamin Kimiyya, Zariya
Gaskiya ne Baba, wannan zaman na ƙarshe shi ya fito da maganar rijiyar nan. Ga masu sakandare kuma: akwai PhET, wani shirin kwamfuta da ke kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya, na Jami'ar Kolorado da ke Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002. Kyauta ne, ana sauke shi a kwamfuta a yi aiki ba intanet. Da shi nake haɗa batir da waya da ƙwan fitila a gaban aji. Kafin in danna komai sai kowa ya rubuta hasashensa, ko hasken zai ƙaru ko zai ragu in an ƙara ƙwai na biyu. Amma ba ya maye gurbin kayan aiki na gaske, domin ranar firatikal na WAEC da hannu za su haɗa.

Malamar Sanin Ƙasa, Kano
Ni zaɓe muka yi. Layukan aji shida na mai da su jihohi, kwalin taliya ya zama akwati, tawadar biro ta dangwala yatsa. Muka bi dokar zaɓen shugaban ƙasa: rinjayen ƙuri'a, da kashi 25 cikin ɗari a biyu bisa uku na jihohi, wato layi huɗu cikin shida. Wanda ya fi yawan ƙuri'a layi uku kawai ya samu, dole aka je zagaye na biyu, magoya bayansa har da fushi. A nan na ba su labarin shari'ar Awolowo da Shagari ta 1979, lokacin jihohi 19 ne, da aka yi ta muhawara a kan nawa ne biyu bisa ukun 19. Shawarata kada a bari su sa sunan jam'iyyun gaske, don rigimar gida za su kwaso su kawo aji.

Malamar Aji Huɗu, Katsina
Allah ya saka da alheri. Kasuwar zan fara da ita, in raba su gida huɗu, kowane gida da mai shago biyu, kuma a ranar darasi biyu a jere kamar yadda Baba ya ce. Malam na Zariya, kanwar kamar yaya ake sa wa kofin farko don launin ya fito har bayan zagaye na uku?