Lauyan gwamnati ya cire baƙaƙen fata daga juri a shari'ar ƙanena, ina mafita?

Yayar Auta: Salamu alaikum jama'a. Don Allah a ba ni shawara, barci ya ƙaurace min. Autanmu ne, ni na rene shi tun rasuwar Inna, filina na sayar na kawo shi Amurka, yaron da ko faɗan unguwa bai taɓa shiga ba. Yanzu yana gaban kotu. Jiya aka zaɓi juri, mutum 12 da za su ce ya yi laifi ko bai yi ba, sai lauyan gwamnati ya cire baƙaƙen fata uku bai faɗi dalili ba. Lauyan da kotu ta ba mu ko uffan bai ce ba. Haka doka ta ce?

Direban Tasi: Wa alaikumus salam. Wace jiha kuke? Me ake tuhumarsa da shi?

Alhaji Bronx: Baiwar Allah, saurare ni. Kowane ɓangare yana da 'yan mutanen da zai cire ba dalili, amma tun 1986, a shari'ar Batson da jihar Kentucky, Kotun Ƙoli ta hana cirewa saboda launin fata. A 1994 ta haɗa da jinsi. Lauyanku ne zai miƙe ya ƙalubalanta, alƙali ya sa lauyan gwamnati ya kawo dalili. Amma a nan take ake yi. In an rantsar da juri, ɗaukaka ƙara a kan wannan zai yi wuya.

Maman Biyu: Ni ma an taɓa kirana aikin juri, na rasa kuɗin aikin ranar, suka kalli hijabina suka sallame ni. Har yau abin na ci min rai.

Ɗan Zango: Alhaji, Batson a takarda yake. Ko gemun mutum aka kafa hujja da shi, alƙali ya karɓa. Wani baƙar fata, Curtis Flowers, sau shida aka gurfanar da shi a jihar Mississippi, mai gabatar da ƙara ya cire baƙaƙe 41 cikin 42, sai 2019 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Jihar Arizona ma soke cirewa ba dalili ta yi gaba ɗaya a 2022. Yaya, ku canja lauya.

Alhaji Bronx: Kul! Ana tsaka da shari'a? Ba lallai alƙali ya yarda ba. Ta je ta tambayi lauyan nasu ko an rantsar da juri.

Yayar Auta: Kuɗin wani lauyan fa, daga ina? Kuma mutumin nan yana ƙoƙari, har gidan yari yake zuwa ganinsa. Bana so ya ga kamar na raina aikinsa.

Direban Tasi: Yaya, har yanzu ba ki faɗi jihar ba.