Tambaya: ta wace ƙofa iska take shiga jini?

Malamin Firamare, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. A makon jiya na zana wa 'yan aji shida huhu a allo, na ce iska tana shiga ta hanci, ta gangara ta maƙogwaro, ta isa huhu, daga nan ta shiga jini. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan akwai ƙofar da iska take bi ta shiga jini, me ya hana jinin ya biyo ta nan ya cika huhu?" Na ɗage amsar zuwa mako mai zuwa, shi ya sa na zo neman taimakon masana. Akwai kuma wata damuwar: tun da hunturu ya shigo, mahaifiyata tana kwana da kaskon garwashi a ɗaki, taga a rufe, da safe kuma ta tashi da ciwon kai. Shin wannan yana da alaƙa da numfashi?

Ɗalibar Likitanci, Shika:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar ɗalibarka ita ce babu ƙofa ko ɗaya. Bututun iska da ke maƙogwaro yana rabuwa biyu, kowane reshe ya nufi huhu ɗaya, sannan ya yi ta rarrabuwa kamar rassan bishiya fiye da sau 20, har ya ƙare a wasu 'yan jakunkunan iska da ake kira albiyolai, waɗanda babban mutum yake da ɗaruruwan miliyoyinsu. Kowace jaka tana lulluɓe da hanyoyin jini masu tsananin siranta, har jajayen ƙwayoyin jini sai sun jeru ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce.

Abin da ya raba iska da jini a nan tantani ne mai damshi, wanda kaurinsa a mafi yawan wurare bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ƙwayoyin jini sun yi masa girma, ba za su iya ratsa shi ba, amma oksijin yana narkewa a damshin ya ratsa. Babu kuma wani famfo da yake tura shi. Idan aka sa turaren wuta a ƙuryar ɗaki, ƙamshin yana barin inda ya yi yawa ya tafi inda babu shi, ko da ba a yi fifita ba, kuma haka lamarin yake a huhu. Jinin da zuciya ta turo ya riga ya zaga jiki, oksijin ɗinsa ya ragu, kabon dayoksaid, wato iskar da jiki yake buƙatar fitarwa, ya yi masa yawa, saboda haka oksijin ya bar jaka ya shiga jini, kabon dayoksaid kuma ya bar jini ya shiga jaka. Ƙwayar jini ba ta cika daƙiƙa ɗaya a wurin, amma kafin ta wuce an gama musayar.

Da zarar oksijin ya shiga, sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin yana ɗaukarsa. Kowane ɗaya yana da mazauni huɗu, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na oksijin da ke jini a kansa yake tafiya.

Tsohon Ma'aikacin Jinya, Sabon Gari:
'Yata ta yi bayani mai kyau, ni kuma maganar Hajiya ce ta hana ni wucewa. Malam, don Allah a daina kwana da kaskon nan daga daren yau. Gawayin da yake ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, don haka garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai zama amintacce ba. Wannan iska tana ratsa tantanin da aka ambata, ta hau mazaunin oksijin a kan himogulobin, kuma riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mutum yana numfashi lafiya lau, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, alhali jininsa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba. Janareta da ake kunnawa a soro ko a bakin taga shi ma haka yake. Ko 'yar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa don auna oksijin da ke jininsa tana iya nuna cewa komai daidai ne, domin ba ta bambance iskokin biyu. A ƙara wa Hajiya bargo da safa, idan kuma aka ga wani ya rikice a ɗaki irin wannan, a fito da shi sarari nan take, a wuce da shi asibiti.

Malamin Kimiyya, Samaru:
Ina da ɗan gyara ga yadda mu malamai muke faɗin abin a aji. Mun saba cewa muna shaƙar oksijin muna fitar da kabon dayoksaid, sai yara su ɗauka cewa huhu yana shanye oksijin duka. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuma tana da kusan kashi 16, shi ya sa hura wa wanda numfashinsa ya tsaya iska ta baki yake amfani. Kabon dayoksaid ne yake tashi daga kusan kashi 0.04 zuwa kusan kashi 4. Kuma taruwarsa a jini ce take sa ƙwaƙwalwa ta matsa wa mutum ya ja numfashi, fiye da ƙarancin oksijin. Wannan ne ya sa hatsarin da Baba ya ambata ya yi muni, domin kabon dayoksaid yana fita yadda ya saba, babu abin da zai tayar da mai barci.

Idan kana son yaran su gani da idonsu, ka sayi huhun rago wurin mahauci, wanda ba a yanke maƙogwaronsa ba, ka zura tiyo ka hura da famfon keke. Za su ga ya kumbura ya yi haske, idan kuma ka yanki kaɗan ka jefa a bokitin ruwa zai taso sama, saboda iskar da ta rage a jakunkunan. Hanyoyin jinin kuwa sai da madubin ƙara girma: a huhun kwaɗo masanin kimiyya Marcello Malpighi na Italiya ya fara ganinsu a 1661.

Malamin Firamare, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je wurin Hajiya bayan Magariba na fitar da kaskon, ta ce tun tana amarya take kwana da garwashi, sai da na karanta mata bayanin Baba sannan ta yarda ta karɓi bargon. Mahaucin unguwarmu kuma ya ce zai ajiye mini huhun ranar Litinin da sassafe.