Yaya mai sauraro yake komawa masoyin mawaƙi?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar waƙa ciki da bai. Mutum yakan ji waƙoƙi barkatai a mota, a gidan biki, a rediyo, a wayar abokinsa, amma a ƙarshe mawaƙi ɗaya ko biyu ne zai ce wannan nawa ne. Ta wace hanya ake fara gano mawaƙi, kuma me ke sa a liƙe masa? Sannan a ina sababbin mawaƙa suke kuskure, har waƙarsu ta zagaye gari amma su ba su tashi da masoya ba? Ina son bayani dalla-dalla. Kada a ce mini jininsu ne ya haɗu, wannan kowa ya sani.

Na-Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, da wuya mutum ya zaɓi waƙar farko da kansa. Ita ce take tarar da shi: a adaidaita sahu, a teburin mai shayi, a shagon aski, a wajen kamu. Jin farko ba ya haifar da so, iyakarsa kunne ya san karin. Abin da ke aiki shi ne maimaitawa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya nuna tun 1968 cewa yawan cin karo da abu shi kaɗai yana sa mutum ya fara son abin, muddin bai ƙi shi ba tun farko. Bahaushe ma ya riga ya ce sabo turken wawa.

Sai dai maimaitawar tana da sharaɗi. Ta fi kamawa idan an ji waƙar a wurare daban-daban, a ranaku daban-daban. Wanda ya ji ta yau a mota, jibi a biki, bayan mako a rediyo, zai ɗauka gari ne ya karɓe ta. Wanda maƙwabci ya kunna masa ita sau ashirin a yini ɗaya kuwa, gundura za ta biyo baya.

Bayan nan sai mataki na biyu, wanda a nan ne yawancin waƙoƙi suke mutuwa: haɗa murya da suna. Mutum yana rera amshi amma bai san mai shi ba. A zamanin da rediyo ke jan ragama wannan ba matsala ba ce. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, yana da shirye-shiryen zaɓi sonka, inda mai gabatarwa zai karanto gaishe-gaishe, ya faɗi sunan makaɗi kafin ya saka faifai, wani lokaci ya sake faɗa bayan an gama. Mai sauraro a Maraɗi ko Garwa ko Zangon Kumasi zai ji suna da murya a tare, kullum. Haka sunayen su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya suka zauna a kunnen mutanen da ba su taɓa ganinsu ido da ido ba. Su kansu 'yan zaɓi sonka ƙungiyoyi ne, sun san juna ta suna, kuma wanda aka gaishe shi da waƙar wani makaɗi sau da yawa yakan wayi gari yana jin makaɗin nasa ne.

Mataki na uku shi ne waƙa ta biyu. Ni a ganina nan ne ake haihuwar masoyi. Waƙar farko sa'a ce. Idan mutum ya tashi da kansa ya nemi wata waƙar ta mawaƙin, ya same ta cikin sauƙi, kuma ya ji abin da ya ja shi a ta farko yana nan, to an kama shi. Idan ya nema bai samu ba, ko ya samu abin da bai yi kama da na farko ba, sai ya koma masoyin waƙa ɗaya, mawaƙin kuma a manta da shi kafin wata Sallar.

Mai Kotso ya rubuta:

Malam Na-Rediyo ya yi bayanin hanya, bari in shiga cikin waƙar kanta, don ba kowace waƙa ce maimaitawa ke yi wa amfani ba.

Manazarta waƙar baka suna raba ta gida biyu: gindin waƙa, wato amshin da ake ta komowa kansa, da ɗiyan waƙa, wato baitocin da jagora yake zubawa. Gindi shi ne ƙugiya, ɗiya su ne igiya. Gindin da zai kama sai ya kasance gajere, wanda mutum zai iya fitarwa da numfashi ɗaya, kuma karin muryar kalmomin ya hau kan kiɗan daidai. Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da dogon wasali da gajere. Idan mawaƙi ya lanƙwasa kalma don ta shiga kiɗa, kunne yana ƙin abin ko da mai kunnen ba zai iya faɗin dalili ba. Ku duba Mamman Shata: amshinsa sau da yawa layi guda ne, 'yan amshi suna ta dawo da shi kan kalangu, shi kuma yana yawo a kai yadda ya ga dama. Kafin waƙa ta kai rabi, wanda bai taɓa jin ta ba ya iya amshin. Shata ya rasu a 1999, amma har yau yaran da aka haifa bayan rasuwarsa ta wannan ƙofar suke shigowa.

Amma gindi ba ya riƙe mutum shekara goma. Abin da ke riƙewa shi ne a ji waƙa karo na talatin a tsinci abin da ba a tsinta ba a da: wani habaici da sai yanzu aka gane wanda ake nufi, wata tsohuwar kalma, wani kirari. Shi ya sa masoyan Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ba sa ƙarewa. Hausarsa ta Gobir da Zamfara tana da nauyi, sai an zauna an warware, kuma wanda ya sha wahalar warware baiti ba ya rabuwa da mai baitin. A cikin na zamani, masoyan Aminu Ala ma irin wannan ne, kalma suke bi fiye da kiɗa.

Akwai kuma ƙofar da ba a cika ambata ba, ita ce ƙofar sana'a da rukuni. A gargajiyance makaɗi na wasu mutane ne tun kafin ya zama na kowa. Kalangu na mahauta ne, kuma dambe wasansu ne, don haka mai zuwa gidan dambe ba sai an gabatar masa da Ɗan Anace ba. Mata a cikin gida suna da amada da kiɗan ƙwarya, ta nan Barmani Choge ta shiga zukatansu. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, babu 'yan amshi, amma ya yi wa talaka da ƙananan masu sana'a waƙa, sai kowa ya ji an san da zamansa. Mutum yana liƙe wa mawaƙin da ya faɗi abin da ke cikinsa wanda shi ya kasa faɗa. Sabon mawaƙin da ya ce shi na kowa da kowa ne tun waƙar farko, yawanci ba ya zama na kowa.

Injiniya Sabon Gari ya rubuta:

Ranku ya daɗe, ni ɓangaren na'ura zan taɓa, domin yau a nan ne sarƙar take tsinkewa.

Har gobe mutane da yawa ba daga intanet suke samun waƙa kai tsaye ba. Wajen masu tura waƙa suke zuwa, ko aboki ya tura musu ta Xender ko Bluetooth ko WhatsApp. Lissafin mai sauƙi ne: waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait ɗaya a minti ɗaya, wato waƙar minti biyar kusan megabait biyar. Memori mai gigabait 2 zai ɗauki wajen waƙa 400. To a cikin waƙa 400, yaya za a gane taka? Idan ta bi ta WhatsApp, a wayoyin Android sau da yawa sunanta yakan koma AUD da jerin lambobi. Wani mai turawar kuma zai sa mata sunan shahararren mawaƙi don ta fi shiga. Shi ke nan, ka yi noma wani ya girbe.

Maganin guda uku ne, kuma ba sa cin kuɗi. A rubuta sunan mawaƙi da na waƙa a kan fayil ɗin. A cike bayanan da ke cikin fayil ɗin, suna da hoto, don su fito a fuskar waya. Na uku, wanda ya fi duka, mawaƙi ya ambaci sunansa ko laƙabinsa a cikin waƙar da bakinsa, domin wannan ba mai iya gogewa. Ba sabon abu ba ne, makaɗan da suna yi wa kansu kirari a tsakiyar waƙa, marubuta waƙa kuma suna rufewa da sunansu a baitin ƙarshe. Sai dai a yau ƙarshe ya yi nisa, gara a sa shi kusa da farko.

Irin wannan ɓatan suna ya daɗe yana cin mawaƙan fim. Jarumi ne ake gani yana motsa baki, mawaƙi yana can situdiyo, sai son ya tafi ga fuskar da aka gani. Sai da mawaƙa suka fara fitar da kundinsu da bidiyonsu da fuskarsu, irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, sannan masoya suka koma bin mai murya.

Sai haɗa sauti. A situdiyo ana ji da manyan lasifika, mai sauraro kuwa da ƙaramar lasifikar waya zai ji, wadda ba ta fitar da kaurin kiɗa. Idan an dogara da kaurin, a waya waƙar za ta fito fayau. Idan kuma fiyano ya danne murya, kalmomi sun ɓace, alhali Bahaushe kalma yake saurare. Kafin a saki waƙa, a kunna ta a waya mai araha a bakin titi. In ba a ji kowace kalma ba, a koma a gyara.

TikTok kuma daƙiƙa 15 zuwa 30 ne mutane suke yanka. Waƙar da ta ɓata minti guda tana shimfiɗa kafin amshi ya shigo, ba za a jira ta ba. Kuma mawaƙi ya riga kowa ɗora sautin a shafinsa, domin sautin yana fitowa ne da sunan wanda ya fara ɗorawa.

Hajiyar Funtuwa ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, ban yarda gaba ɗaya da batun gajarta shimfiɗa ba. Wannan dabara ta jawo mai wucewa ce, ba ta riƙe shi ba. Waƙoƙin da aka gina don daƙiƙa talatin kawai su ne suke tashe wata biyu su ɓace, don in ka je ga cikakkiyar waƙar ba ka samun komai bayan wannan gutsuren.

Abin da ba ku ambata ba shi ne shekaru da lokaci. Waƙar da mutum ya ji daga tashen balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai ita ce take zauna masa har tsufa, wannan masu bincike sun daɗe da lura da shi. Dalili kuwa, waƙar tana ɗaure da wani abu: makarantar kwana, zance, ranar kamu, wata doguwar tafiya. Shi ya sa waƙar biki take da ƙarfi. Amaryar da aka kira sunanta a waƙa, da ƙawayenta, da danginta, sun zama 'yan gidan mawaƙin, kuma bidiyon bikin zai yi ta yawo a wayoyi.

Son kuma yana kwancewa, kuma hanyoyin sanannu ne. Siyasa ce kan gaba: ranar da mawaƙi ya yi wa wani ɗan takara waƙa, musamman in ya haɗa da zambo ga abokin hamayya, ya raba masoyansa biyu. Sai sauya salo farat ɗaya, mai waƙar ma'ana ya koma ta rawa zalla. Sai kuma wulaƙanci, a sayi tikitin wasan Sallah mawaƙi ya zo a makare, ya yi ta motsa baki a kan faifai. Masoyi yana yafe mummunar waƙa, amma raini yana daɗewa bai manta ba.

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Saura abu ɗaya: sabon mawaƙi mai waƙa biyar a hannu, ya sake su gaba ɗaya ne ko ɗaya bayan ɗaya?

Na-Rediyo ya rubuta:

Ya tura ɗaya gaba, wadda amshinta ya fi saurin kamawa, ita kaɗai zai kai gidajen rediyo da wajen masu tura waƙa da masu kiɗan biki. Amma kafin ya sake ta, ya tabbata akwai wasu biyu a ajiye a shafinsa na YouTube ko Audiomack, ƙarƙashin suna ɗaya mai rubutu iri ɗaya a ko'ina, don wanda ya zo neman waƙa ta biyu ya tarar da ita. Sauran biyun ya riƙe su har sai ta farkon ta fara sanyi. Kuma a cikin biyun da ya ajiye a shafin nasa, ɗaya ta kasance 'yar'uwar ta farko a kari da jigo, ɗayar kuma ta fi ta nauyin baiti.