Neman kalmar Hausa: me za mu kira «jury» da «reasonable doubt»?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwa. Ni da wasu abokai uku mun ɗauki aikin juya wani tsohon fim na Amurka zuwa Hausa, domin mu nuna wa ɗalibai a nan Damagaram idan an yi hutu. Fim ɗin shi ne 12 Angry Men na 1957, wanda Reginald Rose ya rubuta, Sidney Lumet ya ba da umarni, Henry Fonda kuma ya fito a matsayin mutum na 8. Kusan duk labarin a ɗaki ɗaya yake: an rufe mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'ar gari, a ranar da ake tsananin zafi kuma fanka ta ƙi tashi, domin su yanke ko wani saurayi ɗan shekara 18 ne ya daɓa wa mahaifinsa wuƙa, alhali sun san idan suka ce shi ne, kisa ne hukuncinsa. A ƙuri'ar farko mutum 11 suka ce ya aikata, mutum ɗaya ya ƙi. Kalmomi biyu sun tsaya mana a maƙogwaro: sunan taron mutanen, wato «jury», da kuma abin da alƙali ya ce idan sun same shi dole su saki yaron, wato «reasonable doubt», wanda masu Faransanci suka sani da «doute raisonnable». Muna neman agajinku.

Tsohon Tafinta, Zango:

Wa alaikumus salam ɗana. A gidajen rediyo an saba cewa «masu taya alƙali yanke hukunci», kuma ina roƙonka kada ka ɗauka, domin ban da tsawo, maganar ta karkace. Mai tayawa shi ne irin muhutin da yake zama gefen alƙali a dā, ko masanan al'ada da ake zaunar da su a kotunanmu na Nijar idan rigimar ta shafi gona ko gado ko aure, su ba da shawara, alƙali ya yanke. Waɗancan na Amurka ba shawara suke bayarwa ba. Ko an yi laifi ko ba a yi ba, magana tasu ce, kuma idan suka wanke mutum alƙali ba shi da ikon ya soke. Ko a Faransa, inda alƙalai 3 suke zama tare da mutanen gari 6 a babbar kotun laifuffuka, ƙuri'ar kowa ɗaya ce. Tun da asalin kalmar «jury» daga rantsuwa ta fito, ina ganin a ce musu «rantsattsu».

Malama, Sabon Gari:

Baba, a gafarce ni, amma idan aka ce «rantsattsu» yaran yanzu dariya za su yi, domin a bakinsu rantsattsen gida da rantsattsiyar mota suka sani, sai su zaci attajirai 12 aka tara. Ni abin da nake gani ya bambanta su da alƙalin da muka sani shi ne ba sana'arsu ba ce: a cikinsu akwai mai gyaran agogo, akwai mai fenti, akwai ma'aikacin banki, an kira su ne su yi aiki ɗaya na jama'a, kowa ya koma harkarsa. Wannan a wurinmu gayya ce, kamar yadda ake gayyar noma ko ta yaɓe. Saboda haka ina ba da shawarar «alƙalan gayya». Ta biyun kuwa ban ga abin wahala ba, muna da «shubuha», kuma kowane almajiri ya san ana tunkuɗe haddi da shubuha.

Almajirin Garin Malam:

Malama, «alƙalan gayya» ta zauna mini daram. Amma a kan shubuha ina da ja. Ƙa'idar da kika kawo gaskiya ce, kuma manufarsu ɗaya, wato gara mai laifi ya kuɓuta da a hallaka marar laifi. Sai dai shubuha a wurin malamai ta fi faɗi: tana iya kasancewa a cikin aikin kansa, kamar wanda ya ɗauki dukiyar da yake zaton yana da haƙƙi a cikinta, inda babu mai musun cewa ya ɗauka. Bahaushen kasuwa kuma idan ya ce «kuɗin nan akwai shubuha», yana nufin ba a san halal ne ko haram ba. Idan kuka sa kalmar a bakin Ba'amurke, mai kallo zai ɗauka wa'azi ake yi. «Shakka» ma tana da nata ciwon, domin a littattafanmu an jera yaƙini, sannan zato, sannan shakka, sannan wahami, kuma shakka ita ce inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki. Amma a yadda na fahimta, a can mutum yana iya rinjayar da zaton cewa yaron ne ya yi, kuma duk da haka ya wajaba ya sake shi. To ko «kokwanto» za ta fi?

Ɗan Birni:

Allah ya saka da alheri Malam. Na koma na sake kallon fim ɗin da wannan tambaya a raina, sai na lura da cewa mutum na 8 bai taɓa cewa yaron ba shi da laifi ba, cewa ya yi a zauna a yi magana. Kuma duk lokacin da wani ya sauya ƙuri'a da gaske, akwai abin da aka ajiye a gabansa. An ce wuƙar babu irinta, sai mutum na 8 ya zaro irinta sak daga aljihu ya kafa a kan tebur kusa da ta farko (a kotun gaske wannan saɓa doka ne, amma mu bar shi). Wani tsoho mai jan ƙafa da ya ba da shaida a kotu ya ce cikin daƙiƙa 15 ya isa ƙofa ya ga yaron yana gudu, sai suka auna tsawon ɗakin, mutum na 8 ya ja ƙafarsa a hankali ana duba agogo, aka samu daƙiƙa 41. Matar da ta ce ta hango kisan ta tagogin jirgin ƙasa yana wucewa, daga baya aka tuna da shatin tabarau a gefen hancinta, alhali ba a kwanciya barci da tabarau.

Kokwanto da wasiwasi a cikin ciki suke zama, mai su ba ya iya nuna su ga wani. Wannan kuwa shakka ce da za ka iya faɗin dalilinta da baki, ka kare ta a gaban mutum 11 da suka gaji, suke jiƙe da gumi, suke hararar ka. Shi ya sa da mutum na 7, wanda hankalinsa yake kan tikitin wasan ƙwallo da ke aljihunsa, ya sauya ƙuri'a don kawai a tashi, mai gyaran agogon ya taso masa, ya ce ba shi da ikon wasa da ran mutum, sai ya faɗi dalilinsa. Bin yarima a sha kiɗa ba shakka ba ce, ko da ta faɗa ɓangaren gaskiya. A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya nuna yadda mutane suke bin jama'a su faɗi abin da idonsu ya ƙaryata a kan tsawon layi kawai, da yadda samun abokin ra'ayi guda ɗaya yake ƙarfafa musu gwiwa. A fim ɗin dattijon nan, mutum na 9, shi ne ya zama wannan aboki a ƙuri'ar sirri. Don haka ni na karkata ga «shakka mai dalili». Idan «shakka» ita kaɗai tana da ma'anar malamai, ƙarin «mai dalili» ya fitar da ita daga can, kuma kunnen talaka zai kama ta nan take.

Tsohon Tafinta, Zango:

Na janye «rantsattsu», ƴata ta yi gaskiya. «Shakka mai dalili» kuma ta fi «shakka ta hankali» da na taɓa jin wani yana faɗa, wadda Faransanci ne kawai aka sa wa rigar Hausa. Ku dai yi hattara da ɗalibanmu na shari'a, domin su a tsarin Faransa suka taso, inda tambayar da ake yi wa masu hukunci ita ce ko suna da «intime conviction», wato ko zuciyarsu ta natsu. Kada su haɗa biyun, ɗaya tana duban natsuwar mai hukunci, ɗaya tana duban ɓarakar da ke cikin hujja. Sannan wurin da suke zagayawa kowa yana faɗin ƙuri'arsa, kada ku sa musu «ba shi da laifi», domin har fim ɗin ya ƙare ba a nuna wanda ya yi kisan ba. Ku sa «bai tabbata ba».

Ɗan Birni:

An karɓa Baba. Ga yadda na rubuta jawabin alƙali yanzu, kafin mu shiga ɗaukar murya ranar Asabar idan akwai wuta: «Ku alƙalan gayya, idan kuka samu shakka mai dalili, wajibi ne ku ce laifi bai tabbata ba, kuma duk abin da za ku yanke, sai bakinku ya zo ɗaya.»