Ƙanena pompiye ne, wai nono na wanke hayaƙi a ƙirji?

'Yar Bukoki:
Salama alaikum jama'a, don Allah masu sani ku taimaka min. Ƙanena pompiye ne nan Yamai, duk randa suka kashe babbar gobara in ya dawo gida sai tari, majina baƙa ƙirin, ga ciwon kai har ya kwana da shi. Inna sai ta dama mishi fura da nono mai yawa wai nono na wanke hayaƙi, shi ko dariya yake yi yace soja ba ya raki. Gaskiya ne zancen nonon nan? Kuma matarshi na haɗa rigar da yake sawa ciki da kayan yara ta wanke baho ɗaya, ni dai abun bai kwanta min ba.

Majo Talaje:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Nono ciki yake tafiya, hayaƙi ko huhu da jini yake shiga, ba su ma haɗuwa. Ciwon kan nan yawanci monoksid na karbon ne, iska ce ba launi ba wari, tana kama jini fiye da oksijan sau ɗari biyu da wani abu, kuma in katifar soso ko roba na ƙonewa har gubar siyanur na fita. Maganinshi oksijan ne a likita. In kin ga jiri ko amai ko ƙirji na mishi nauyi ko maganarshi na ruɗewa kar ku jira safiya. A 2022 cibiyar binciken kansa ta OMS, hukumar lafiya ta duniya, da ke Lyon a Faransa ta sa aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, har da ta mafitsara. Toka da baƙin hayaƙin na manne wa tufa da fata, to kayanshi a ware su dabam, ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaro, wuya da bayan kunne musamman.

Tsohon Soja Tawa:
Ɗiyata majo ya hwaɗa miki gaskiya. Abin da ni zan ƙara, yara matasa na cire maski da zaran harshen wuta ya kwanta, su shiga tonon tarkace fuska buɗe, alhali lokacin ne kaya ke cin wuta ta ƙasa suna hidda dahi. Ban ga laihinsu sosai ba, butel ɗin iskar da suke goyawa nauyi gare ta kuma wajen rabin awa take kai mutum in yana aikin ƙarhi, ga riga mai kauri ga hular kwano, a watan Afrilu da zahi ke kai 45. Amma a daure. Ya sha ruwa tun kahin a kira su, ba sai ƙishi ya kama shi ba. Ko Amurka da kayan aikinsu bugun zuciya ne ya fi kashe musu pompiye bakin aiki, ba ƙuna ba. In yana shan taba ki matsa mishi ya bari.

Ɗan Katako:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni mu jama'a nake ganin laifinmu, gobara ta tashi kowa ya fiddo salula yana bidiyo, an toshe hanya da moto da amalanke, motar ruwan pompiye ta iso ba wurin shiga sannan a hau zaginsu wai sun makara. Kuma ba mai tambayar abin da idonsu ke gani. Su suka kwashe mutanen da tankar isansi ta ƙone kusa da filin jirgin Yamai a Mayun 2019, sama da 50 daren nan kaɗai, su ne a lakwal ɗin unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021 inda yara wajen 20 suka rasu cikin azuzuwan zana. Wanda ya ɗauki gawar yaro da hannunshi ya koma gida ya ci tuwo kamar ba komai, ai da sauran magana. Yaya ki lura ko yana barci.

'Yar Bukoki:
Na gode muku ƙwarai. Barcin kam matarshi tace yana firgita wani lokaci, bamu ɗauke shi komai ba wallahi.

Majo Talaje:
To wannan ma a kai shi ya ga lokotoro, ba hauka ba ne kuma ana maganinshi. In ba ya jin maganarki ki biyo ta wani babbanshi na kazarni da yake jin nauyi, su sun fi sanin yadda za su ɓullo mishi.