Neman ƙagaggen labari kan marubuta a zamanin 'yan fasist

Maman Khairat: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina neman ƙagaggen labari kan marubutan da suka ja da mulkin kama-karya zamanin su Musolini, shugaban 'yan fasist na Italiya. Mai labari nake so, ba tarihi zalla ba.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Hajiya ki nemi Pereira Maintains na Antonio Tabucchi, ya fito a 1994.

Abu Sadiq: Malam ya riga ni, amma ki duba shafukan ƙarshe kafin ki biya. Ni a hannun wani mai baza littattafai a bakin titi na saya, ashe bugun jabu ne. Labarin Lisbon ne, babban birnin Portugal, a 1938, lokacin Salazar, mai mulkin kama-karya na ƙasar. Pereira dattijon ɗan jarida ne mai ciwon zuciya, shafin al'adu yake kula da shi, ba ruwansa da siyasa. Kullum sai ya tsaya gaban hoton matarsa da ta rasu yana ba ta labarin yininsa. Sai ya ɗauki wani matashi, Monteiro Rossi, ya riƙa rubuta ta'aziyyar manyan marubuta a ajiye. Yaron ya kawo rubutu kan Lorca, mawaƙin da aka harbe a Sifaniya a 1936. Pereira ya ce wannan ba zai bugu ba, amma ya kasa yar da shi, ya adana, yana biyan yaron daga aljihunsa. Wallahi nan ya kama ni, yadda tsoro ke sakin mutum kaɗan-kaɗan. Ina tsaka da inda wasu da suka ce 'yan sanda ne suka shigo gidansa, sai shafi ya koma babi na uku. Na koma wajen mutumin, ya ce haka ya saro su. Har yau abin yana ci mini rai.

Nura: Ai ƙarshen ne littafin, inda ya zauna ya...

Maman Khairat: Nura don Allah!

Nura: Tuba nake, Anti.

Injiniya: Amma fa Salazar ba fasist ba ne irin Musolini. Malamin tattalin arziki ne daga jami'ar Coimbra.

Malam Bashir: Jam'iyya ɗaya, 'yan sandan ciki, hukumar tace jaridu, mulkin da ya kafa ya kai 1974. Me za ka kira shi?

Injiniya: Masana ma sun saɓa, Malam.

Ummu Hanif: Ku bari. Yaya, akwai Alone in Berlin na Hans Fallada, 1947. Miji da mata ne ke rubuta katuna suna sukar Hitila, suna ajiyewa a matakalar gidaje. An gina shi kan labarin Otto da Elise Hampel da aka kashe a 1943.

Injiniya: Su ai ba marubuta ba ne.

Ummu Hanif: Rubutu aka kashe su a kai.

Nura: Ni dai duk aka ce Musolini, Umar Mukhtar nake tunawa, da sojojin Italiya suka rataye a Libiya a 1931.

Abu Sadiq: Malam, naka cikakke ne? Ka aro mini ranar Juma'a, a masallaci.

Malam Bashir: Yana hannun ƙanwata, sai ta gama.